Matafiyi da Abincin Kawu a Titin Jalan Masjid India

Tun zamanin fatake Bahaushe ba ya barin gida ba tare da guzuri ba. A da can gumba ce da ƙuliƙuli da busasshen nama ake ƙullewa a cikin mangala, a yau kuwa kilishi da dambun nama da garin yaji ake cusawa a gefen akwati kafin a nufi filin jirgin saman Malam Aminu Kano ko na Abuja. Dalilin dai bai sauya ba. Ga Musulmin da ya saba ganin mahaucin da ya yanka masa nama ido da ido, babu abin da ke damunsa a ƙasar waje kamar tambayar nan ta wa ya yanka, kuma da wane mai aka soya. Akwai alhazan da kan shafe mako biyu a birnin Guangzhou ko London a kan burodi da shayi da dafaffen ƙwai, alhali kuwa aljihunsu cike yake da kuɗi.

Birnin Kuala Lumpur na ƙasar Malesiya yana daga cikin wuraren da wannan damuwa kan yi sauƙi. 'Yan kasuwa daga Kano da Maraɗi na zuwa sarin kaya, sa'an nan ga ɗalibai da malaman jami'o'in arewacin Najeriya da ke neman digiri na biyu da na uku, musamman a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da aka kafa a shekara ta 1983, wadda babbar harabarta ke Gombak a bayan gari. Shi kansa guzurin ba lalle ne ya tsallake filin jirgin sama ba, domin dokar ƙasar ba ta yarda a shigo da nama ba sai da izinin hukumar binciken dabbobi da tsirrai mai suna MAQIS. Saboda haka ko ba daɗe ko ba jima sai baƙo ya shiga gidan cin abinci, kuma wurin da aka fi nuna wa Musulmi baƙo shi ne wani titi a tsohon gari da ake kira Jalan Masjid India, wato titin Masallacin Indiyawa.

Titin ba shi da wani tsawo. Yana daf da mahaɗar kogunan Klang da Gombak, inda masu haƙar kuza suka fara yada zango a shekara ta 1857. Sunan birnin kansa yana nufin mahaɗar ruwa mai taɓo. A bakin mahaɗar ne aka buɗe masallacin Jamek a shekara ta 1909, kuma daga tashar jirgin ƙasan cikin gari mai wannan suna tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa. Masallacin da titin ya ci sunansa kuwa ya girmi na Jamek, domin tarihinsa na komawa ne zuwa shekara ta 1863, lokacin da fatake Musulmi daga kudancin Indiya suka kafa wani ɗan masallaci domin amfanin kansu. Ginin da ake gani yanzu an buɗe shi ne a shekara ta 1966, kuma da harshen Tamil ake huɗuba a cikinsa. A kewayensa akwai kantunan yadi da na gwal da turare da huluna da kayan aikin hajji, ta yadda mutumin Kantin Kwari ba zai ji baƙunta sosai ba. A tsakanin waɗannan kantuna ne gidajen abincin suke.

Masu yawancin gidajen jikoki ne da 'yan'uwan waɗancan fatake, kuma a Malesiya ana kiransu mamak. Kalmar ta samo asali ne daga harshen Tamil, inda take nufin kawu, wato ɗan'uwan uwa. Wasu daga cikinsu ba sa son a jefe su da sunan kai tsaye, shi ya sa masu ciniki suka fi kiran mai kawo abinci anne, ma'ana yaya, ko kuma bos. Gidan mamak ba ya da ƙofar da ake turawa. Gabansa a buɗe yake, ga tebura na ƙarfe da fankoki, ga akwatin talabijin da ake kallon ƙwallon Ingila, kuma da yawa daga cikinsu ba sa rufewa dare da rana. Duk wanda ya san teburin mai shayi a Fagge ko Tudun Wada zai gane abin da yake gani: mai haɗa shayin da ake kira teh tarik yana ɗaga kofi sama yana tsiyaya shayin cikin wani kofin har ya yi kumfa, daidai yadda ake yi a Kano, a gefensa kuma wani na soya taliyar Maggi da ƙwai kamar yadda ake soya Indomie. Bambancin kawai shi ne a maimakon burodi, roti canai ake ci, wani fallen ƙulli da ake wurgawa sama har ya yi siriri, a naɗe shi, a gasa a kan faffaɗan ƙarfe, a ci da miyar wake ko romon kori.

Babban abincin rana shi ne nasi kandar, wanda ya taso daga tsibirin Penang. Nasi na nufin dafaffiyar shinkafa, kandar kuwa sandar nan ce da 'yan talla na da ke saɓawa a kafaɗa, tukunyar shinkafa a wannan gefe, ta miya a wancan. Yanzu babu sanda, sai jerin manyan tasoshi a bayan gilashi. Ana zuba wa mutum shinkafa, shi kuma ya riƙa nuna abin da yake so da yatsa: ayam kaza ke nan, kambing naman akuya ko rago, daging naman sa, ikan kifi. Daga nan sai mai zubawa ya ɗebo romo kaɗan-kaɗan daga tasoshi huɗu ko biyar ya kwarara a kai. Wanda ke son romon ya yi yawa sai ya ce banjir, wato ambaliya.

A nan ne baƙo ke fara biyan kuɗin rashin sani. Farantin nasi kandar ba shi da tsayayyen farashi. Bayan mutum ya zauna wani yaro zai zo ya leƙa farantin, ya ƙiyasta, ya rubuta lamba a 'yar takarda ya ajiye a gefen kofi. Shinkafa da kaza da ganye ba su da tsada, amma manyan jatan lande da kan kifi da wani naman teku mai hannuwa da yawa da ake kira sotong na iya ninka kuɗin sau uku ko huɗu. Doka ta wajabta wa masu gidajen abinci su liƙa farashi a fili, kuma mafi yawa suna liƙawa, sai dai da harshen Malay yake, baƙo kuma ga yunwa ga layi a bayansa. Bahaushen da ba ya sayen hula a kasuwar Kurmi sai ya taya, sau da yawa kunya kan hana shi tambayar kuɗin abinci kafin a zuba. 'Yan ƙasar ba sa jin wannan kunya. Kalma ɗaya suke faɗa, berapa, wato nawa ne. Ba a san al'adar ba da tukuici a irin waɗannan wurare ba. A manyan gidajen abinci na otal-otal da rukunin kantuna ne ake ƙara kashi 10 cikin ɗari na hidima da kuma harajin gwamnati a kan takardar kuɗi.

To, sai babbar tambaya, wato ta halas da haram. Malesiya na daga cikin ƙasashen da suka fara mayar da wannan batu aikin hukuma. Tun a shekara ta 1974 ofishin harkokin addini na gwamnatin tarayya ya fara ba da takardar shaidar halal ga masu sarrafa abinci, a shekara ta 1994 aka fito da tambari, sa'an nan a farkon shekara ta 1997 aka kafa hukumar raya addinin Musulunci da aka fi sani da JAKIM, wadda ita ce ke riƙe da ragamar aikin. Wata doka ta shekara ta 2011 ta taƙaita ikon ba da wannan shaida ga JAKIM da majalisun addini na jihohi, kuma laifi ne mutum ya buga wa kansa tambarin ya liƙa. Kafin a ba gidan abinci takarda sai an bi asalin kowane kayan haɗi, daga nama zuwa man girki da sinadarin ɗanɗano, an duba tsaftar madafa da wurin ajiya, an kuma tabbatar akwai Musulmi cikin ma'aikata. Tsananin hukumar har yakan kai ga sunan abinci: a shekara ta 2016 an nemi wani kamfanin Amurka mai sayar da kayan ƙwalama ya cire kalmar kare daga sunan wani nau'in naɗin tsiran nama kafin a ba shi shaida, lamarin da ya janyo muhawara har a jaridun ƙetare.

Wani abin lura kuma shi ne mazhaba. Musulmin Malesiya Shafi'awa ne, kuma a wurinsu najasar alade da ta kare mai kauri ce, ba ta gushewa sai da wanki bakwai, ɗaya da ruwan da aka gauraya da ƙasa. Suna kiran wannan wanki sertu, kuma ana yi wa madafar da a baya aka taɓa sarrafa alade a cikinta kafin a amince da ita. Bamaliki daga ƙasar Hausa zai tarar an tsananta masa fiye da yadda littattafan da ya karanta a zaure suka nema. Game da naman ruwa kuwa babu saɓani mai yawa tsakanin mazhabobin biyu, illa dai ɗan Katsina ko Sakkwato bai saba da shi ba. Yana da kyau ya sani cewa jajjagen barkonon da ake kira sambal sau da yawa yana ɗauke da belacan, wato niƙaƙƙen jatan lande da aka bari ya ruɓa, wanda shi ne daddawarsu. Mai rashin lafiyar da ba ta jituwa da naman ruwa ko gyaɗa ya kamata ya tambaya.

Sai dai fa abin da baƙi da dama ba su sani ba shi ne neman wannan takarda ba dole ba ne. Gidajen mamak da yawa, da kusan duk masu rumfunan bakin titi, ba su da tambarin JAKIM, ko dai saboda ɗawainiyar cike takardu ko kuma don suna ganin kasancewarsu Musulmi ta wadatar. Abin da mai ci ke dogaro da shi a irin waɗannan wurare shi ne ayoyin da aka rataye a bango, da hular mai karɓar kuɗi, da kuma ganin waɗanda suka fito daga masallaci suna shiga. Wannan amana ce irin ta unguwa, kuma a titin da kowa ya san kowa a sahun salla tana da nauyinta. Akasin haka, idan aka yi nisa zuwa wasu unguwannin, akwai gidajen abinci na waɗanda ba Musulmi ba da ke rubuta cewa babu naman alade babu kitsensa. Wannan rubutu bai ce kome ba a kan yadda aka yanka kazar, ko a kan giyar shinkafa da wasu masu girki kan zuba a miya, kuma hukumomin addini sun sha bayyana cewa ba shaidar halal ba ne.

A watan Satumba na shekara ta 2024 batun ya zama na siyasa. Ministan harkokin addini na lokacin, Mohd Na'im Mokhtar, ya ce ana duba yiwuwar tilasta wa duk gidan abincin da ba ya sayar da alade da barasa ya nemi takardar halal. Wata 'yar majalisar dokoki, Teresa Kok, ta soki shawarar da cewa za ta ɗora wa ƙananan 'yan kasuwa nauyi, ciki har da Musulmi, abin da ya sa ƙungiyoyi suka kai ƙararta har 'yan sanda suka yi mata tambayoyi. A ƙarshe majalisar ministoci ta yanke hukuncin barin lamarin yadda yake, wato ganin dama. Ita ma takardar ba ta rasa nata tabon ba. A ƙarshen shekara ta 2020 jami'ai suka kai samame wani rumbun sanyi a jihar Johor, inda aka gano naman da aka shigo da shi daga mayankun da ba a amince da su ba ana sauya masa kwali da tambarin jabu. Abin ya girgiza jama'a ne saboda Malesiya ba ta kiwon abin da zai ishe ta. Galibin jan naman da ake ci a ƙananan gidajen abinci na ɓauna ne da ake shigo da shi a daskare daga Indiya, na rago kuma daga Ostireliya da makwabciyarta. Mahaucin da Bahaushe ke son gani ido da ido yana can wata ƙasa, abin da ke tsakaninsu takarda ce kawai. Wannan ne ya sa masu tsantseni kan tsaya a kan kifi da kaza, ko kuma su bi ta Lebuh Ampang da ke kusa, inda Indiyawa mabiya addinin Hindu ke zuba shinkafa da kayan lambu a kan ganyen ayaba, wasunsu ma nama ba ya shiga madafarsu ko kaɗan.

Akwai kuma wata matsala da ba ta shari'a ba ce, ta al'ada ce. A ƙasar Hausa magidanci mai mutunci ba ya zama a bakin hanya yana cin abinci, malaman fiƙihu ma sun lissafa ci a kasuwa cikin abubuwan da ke rage wa mutum kamala. Gidan abinci na gwauro ne da direba da baƙon da ba shi da masauki, mace mai aure kuwa ba a ma maganarta. A Kuala Lumpur abin ya sha bamban. Limami da alƙali da ɗan dako na iya haɗuwa a teburi guda, mata masu lulluɓi na zaune da 'ya'yansu da ƙarfe goma na dare, kuma ba wanda ke ɗaga kai ya dube su. A watan Disamba na shekara ta 2024 hukumar UNESCO ta sanya al'adar karin kumallo ta Malesiya, wadda ta ƙunshi roti canai da teh tarik da shinkafar kwakwa mai suna nasi lemak, cikin jerin al'adun gado na duniya, bisa hujjar cewa ita ce ke haɗa Malay da Sinawa da Indiyawa wuri guda. Abin da kan sassauta wa Bahaushe shi ne da hannun dama ake ci, akwai kuma famfon wanke hannu a kowane gida. Mai shan taba dai ya kiyaye, domin tun daga farkon shekara ta 2019 aka haramta shanta a duk wuraren cin abinci, har da na sarari.

Sukari ma abin kiyayewa ne. Da madarar gwangwani mai kauri da zaƙi ake haɗa teh tarik, kuma kusan kowane abin sha sai an tsuga masa ruwan sukari. Binciken lafiya na ƙasa na shekara ta 2019 ya nuna cewa kashi 18.3 cikin ɗari na manyan Malesiya na da ciwon sukari, wato kusan mutum ɗaya cikin biyar. A shekarar ce gwamnati ta sanya haraji a kan lemunan kwalba da na gwangwani, amma harajin bai shafi shayin da ake haɗawa a gidan mamak ba. Dattijon da ya zo da magungunansa a jaka yana bukatar kalmomi biyu: kurang manis, wato a rage zaƙi, ko kuma kosong, wato kada a sa ko kaɗan.

A watan azumi titin yakan sauya kama. Rumfunan kayan salla sukan cika shi da lungunan da ke haɗa shi da titin Tuanku Abdul Rahman, da la'asar kuma masu murtabak da soyayyar kaza da kayan zaƙi su jeru har zuwa shan ruwa. A nan akwai wani tarko ga matafiyi. Shari'a ta yi masa rangwamen ajiye azumi, amma dokar laifuffukan shari'a ta yankunan tarayya ta shekara ta 1997 ta haramta wa Musulmi ci ko sha a bainar jama'a da rana a watan Ramadan, ta kuma haramta sayar masa da abincin da zai ci nan take. Hukuncin laifin farko na iya kai tarar ringgit 1,000 ko ɗaurin wata shida. Mai uzuri sai ya ce bungkus, wato a ƙunshe masa, ya tafi masaukinsa.

Cinikin wannan titi ya dogara ne kacokan a kan masu tafiya a ƙafa, kuma an ga haka a ranar 23 ga watan Agusta na shekara ta 2024, lokacin da ƙasa ta rufta a gefen hanya ta haɗiye wata baƙuwa 'yar Indiya mai shekara 48 cikin rami mai zurfin mita takwas. An shafe kwana tara ana nemanta a magudanun ƙarƙashin ƙasa ba a same ta ba. An killace wani sashe na titin, jama'a suka ƙaurace, masu yadi da masu abinci suka yi ta kokawa da rashin ciniki kafin a gyara wurin masu saye su fara komowa.

Wanda ya daɗe a garin yakan gano cewa abincin bai kai yadda ya zata nisa da na gida ba. Tsiren da ake kira satay da miyar gyaɗa ake cinsa, inda Bahaushe ke barbaɗa garin ƙuliƙuli. Kuɓewa, wadda suke kira bendi, ana ɗora ta sukutum a gefen nasi kandar ba tare da an kaɗa ta ba. Tsamiya na cikin romon kifi. Zogale ma yana nan, sai dai Tamilawa sun fi ba da ƙarfi ga dogayen 'ya'yansa da suke yankawa cikin miyar wake. Man da ake soya kome da shi kuwa na kwakwar manja ne, itacen da asalinsa na Afirka ta Yamma ne. A Najeriya an sha ba da labarin cewa a shekarun 1960 'yan Malesiya suka zo suka karɓi irin suka tafi da shi. Tarihi ya nuna itacen ya riga haka isa yankin, domin an dasa shi a lambun Bogor na tsibirin Java tun shekara ta 1848, kuma gonar kasuwanci ta farko a Malaya an buɗe ta ne a jihar Selangor a shekara ta 1917. Abin da ya faru daga baya shi ne masu binciken Malesiya sun tattara nau'o'in iri daga Najeriya a shekarun 1970 domin inganta nasu. Tataccen mai ne fari suke girki da shi, don haka mai neman jan manja ba zai same shi a tukunyar mamak ba.

Matan ɗalibai da suka zo da iyali kan bi ta kantunan kayan miya na Indiyawa da ke wannan yanki su sayi gero da tamba da garin alkama da busasshen barkono, su tuƙa tuwon shinkafa da shinkafar ƙasar, wadda ke da danƙo daidai bukata. Kuka da daddawar kalwa ne kawai ba a samu a kantunan, shi ya sa duk wanda aka ji zai taso daga Kano sai saƙonni sun yi masa yawa.